Ranar Da Aka Killace Mai Koyar Da Killacewa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na sa tsohuwar riga na tafi asibiti neman magani ba, alhali ko mura ba na yi. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina tuƙi, sai in ga na rage gudu ba dalili.

Bari in fara da sana'ata, don a san girman wautar. Na yi shekaru a gidan rediyo ina gabatar da shirin lafiya, kafin wata hukuma a nan Abuja ta ɗauke ni aiki a sashen horar da ma'aikatan jinya. Ni ba likita ba ne, ba kuma nas ba. Abin da na iya shi ne in karɓi maganar likita in warware ta yadda kowa zai gane. A lokacin an ɗora wa sashenmu wani aiki: mu sa nas-nas na ƙananan asibitocin gefen birni su riƙa tantance duk mai zazzaɓi tun daga bakin ƙofa, saboda zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, ma'aikacin asibiti kuma kan ɗauka daga jini ko yawun majinyaci. Tsarin ba wuya. A yi tambaya kafin a taɓa mutum. A sa safar hannu kafin a duba shi. Wanda aka yi zargin yana ɗauke da cutar a ware masa ɗaki, a kira jami'in sa ido kan cututtuka.

Muka fara da abin da kowace hukuma ke farawa da shi, wato taron bita a otal. Mu kama zaure a unguwar Jabi, mu kunna majigi, a sha shayin hantsi a ci shinkafar azahar. Ina magana suna gyaɗa kai. In tambaya ko akwai matsala, su amsa baki ɗaya, "Babu, oga." Su karɓi takardar shaida su koma, hannu kuma ya ci gaba da abin da ya saba. (Na daɗe kafin in gane cewa wannan ita ce amsar da ƙaramin ma'aikaci ke bai wa duk wanda ya zo daga hedikwata, domin matsalar da ka faɗa yau ita ce takardar tuhumar da za ta same ka gobe.)

A ƙarshen wani taro wata dattijuwa ta jira kowa ya watse, sannan ta matso. Sista Hannatu ke nan, shugabar wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye bayan Kuje.

"Mai rediyo," in ji ta, "ni na san muryarka tun kafin in ga fuskarka. Maganarka duk gaskiya ne. Amma ka zo wurinmu ka zauna, ka bar majigin a gida. Zan gaya wa yarana su yi maka magana. Ni zan tsaya maka."

Na je, na kuma ci gaba da zuwa. Idan la'asar ta yi majinyata sun ragu, sai mu zauna a bencin baranda muna cin dafaffiyar gyaɗa. Zuwan farko ba wanda ya ce komai. A hankali baki ya fara buɗewa. Ɗaya ta ce safar hannu kan ƙare kafin wata ya ƙare, don haka suke tattalinta. Ɗaya ta ce ba ma wannan ba ce babbar damuwarta. Idan dattijo ya zauna a gabanta ya ga ta ciro safa tana sawa, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ni kuturu ne?" Tambayar ɓera kuwa, in ji su, kamar ka ce wa mace gidanta ƙazami ne.

Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa fitowa a zauren otal. A kan bencin nan muka riƙa nemo mafita tare. A sa safar tun kafin a kira majinyaci, ya tarar da ita a hannu, ba zai ce dominsa aka sa ba. Tambayar ɓera a mai da ita ta rumbu: "Bana ɓera ya bar muku hatsi kuwa?" Kowane manomi zai amsa wannan har da ƙari. Bokiti mai famfo ya koma bakin ƙofa. Abin da na samu a asibitin nan ba majigi da zai ba ni shi: mutane uku da suke gaya mini inda suke kuskure ba tare da tsoro ba. Da na san darajarsa da na riƙe shi da hannu biyu.

Sai daraktanmu, wanda kowa ke kira Oga, ya karanta rahotona ya ce, "Labari mai daɗi. Amma su suka gaya maka suna yi. Kai ka gani da idonka lokacin da ba su san kana kallo ba?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Na taɓa karanta wata dabara ta aika majinyacin bogi asibiti ya ga yadda ake aiki. Masu yin ta suna sanar da shugaban asibiti tun da wuri, suna zaɓar ciwo mai sauƙi, kuma ba sa aika wanda ya rubuta darasin da kansa. Duk wannan na karanta, na kuma tsallake. Idan na gaya wa Sista Hannatu za ta faɗa wa yaranta. Idan na gaya wa Oga, ina burgewar? Ni kaɗai na zauna na yi shawara da kaina, muka amince.

Ranar Talata na zaɓa. Su da bakinsu suka gaya mini cewa Talata ce ranar wahalarsu: Sista kan tafi sakatariyar ƙaramar hukuma da nas ɗaya, ɗayar ta fita rigakafi ƙauyuka, a bar mutum guda da asibiti. (A lura, asirin da suka ba ni amana shi na fara amfani da shi.) Wadda za a bari kuwa wata ce mai suna Godiya, da ta dawo daga hutun haihuwa kwanan nan. Ba mu taɓa haɗuwa ba. Duk abin da ta sani na sabon tsarin daga bakin abokan aikinta ta ji shi.

Na tono wata koɗaɗɗiyar riga daga ƙasan akwati, da hular sanyi da silifas. Matata ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "An sallame ka ne ba ka faɗa mini ba?" Na ce aiki ne na musamman. Na ajiye mota a Kuje, na kulle waya da katin shaidar aiki a ciki, don manomi ba ya yawo da irin wannan waya. Na sa takunkumi, na hau okada. A hanya na ciro jan goro na tauna na tofa a farin hankici, na duba, na ga ya yi. Saura murya, wadda nake ganin duk ƙasar nan an san ta. Na shaƙe ta, na mai da ita ta mai ciwon maƙogwaro.

Mai yankan kati, wanda muka sha cin gyaɗa tare, bai ko ɗago ba. Benci cike yake da mata 'yan awo da masu goyo. Wata tsohuwa ta ga yadda nake rangaji ta matsa ta ba ni wuri, ta ce a bar ni in riga ta shiga. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ashe da wasan kwaikwayo na shiga da na yi suna.

Godiya yarinya ce siririya mai saurin hannu, tana ta kai-kawo ita kaɗai. Kwalin safar hannu na kan teburinta, hannunta kuma ba komai.

"Sannu Baba. Me yake damunka?"

"Zazzaɓi," na ce da shaƙaƙƙiyar murya.

Kafin in rufe baki ta ɗora bayan hannunta a goshina, ta ja takunkumin ƙasa kaɗan ta ce in buɗe baki ta ga maƙogwaron. Na buɗe, na kuma ƙara da tari, don aikin ya yi kyau. A fuskarta na yi shi. A zuciyata kuwa ina rubutu: ta taɓa kafin ta tambaya, ba safa. Na samu abin kai wa Oga.

Ma'aunin zafi bai nuna komai ba, na ce na sha magani da asuba. Sai ta ɗan tsaya kamar wadda ta tuna wani abu, ta fara jero tambayoyin. Tun yaushe? Na ce ya fi mako. Ka sha maganin maleriya? Na ce na sha har kala biyu, bai yi ba. Bana ɓera ya bar muku hatsi kuwa? (Tambayata! Har da yadda muka tsara ta!) Na ce ai ɓera ya gama da rumbun, har cikin tukunya muke samun kashinsa. Ni na rubuta jarrabawar, don haka ba tambayar da na faɗi.

"Kana ganin jini a wani wuri?"

Na ciro hankicin na buɗe mata.

Ta dubi hankicin. Ta dubi hannunta. Ta kai yatsa za ta shafa fuskarta inda na yi tari, ta fasa. Da ta yi magana, muryarta ba ta canza ba.

"Baba, mai da takunkumi. Tashi a hankali, kar ka taɓa komai. Biyo ni."

Daga nan ba ta sake kuskure ko ɗaya ba. Ta kai ni wani ɗan ɗaki a bayan ginin mai gado ɗaya da taga mai ƙarfe, ta ja ƙofa ta sa sakata ta waje. Na ji ƙarar ruwa, ta daɗe tana wanke hannu da fuska. Na ji ta kira jami'in sa ido ta ba shi bayani tsaf. Na zauna a bakin gado ina murmushi cikin takunkumi. Niyyata in bar ta ta kammala, sannan in ƙwanƙwasa in gabatar da kaina, mu yi dariya, in yaba mata, in ɗan ja kunnenta a kan safa.

Sai ta zagayo bayan tagar, inda take ganin ba mai jin ta, ta sake kiran waya.

"Mama, kar ki kawo shi yau. A'a, kar ki kawo shi. Ki nemi madara a kemis ki ba shi da cokali." Ta saurara. "Na sani bai taɓa sha ba. Mama, ki ji ni. Wani ya yi mini tari a fuska. Ba zan zo gida ba sai an gwada shi." Sannan ta ce, "Sa mini shi a waya in ji."

Ashe kullum da rana surukarta kan kawo mata jaririn ta shayar da shi. Ƙa'idar da muka koyar ba ta ce ta guji ɗanta tun daga ranar ba, amma uwa ba ta tsayawa duba ƙa'ida a irin wannan lokaci. Ina jin kukan yaron ta cikin wayar, ita kuma tana ce masa yi haƙuri, yi haƙuri.

Nan ne ya kamata in yi magana. Ban yi ba. Na zauna ina tsara jimlar da zan fara da ita, kamar mai shirin buɗe labarai, kowace na gwada sai in ji ba ta fita. Ina cikin haka na ji hayaniya a gaba. Mai yankan kati ya faɗa wa mutum ɗaya, mutum ɗaya ya faɗa wa benci. Ta tagar na hango mata suna ficewa da gudu, wata da tsohon ciki tana riƙe da ƙugu, tsohuwar da ta ba ni wuri tana karkaɗe zanenta tana salati. Wani ɗan okada yana ihu a bakin titi, "Lassa ya shiga asibiti!"

Sai a lokacin na tashi na buga ƙofa. Na saki muryata ta ainihi, ta rediyo, mai nauyi da natsuwa.

"Malama Godiya, ki saurare ni. Lafiyata ƙalau. Ni ma'aikacin hukuma ne daga Abuja. Ni ne mai horar da ku. Gwaji ne kawai."

"To Baba. Ka kwanta."

"Ki ji muryata mana! Ba ki san ta a rediyo ba?"

"Na ji, Baba. Kai ne gwamna ma. Kwanta, mota yana zuwa."

Muryar da na wahala ina ɓoyewa, ashe yarinyar ba ta taɓa jin ta ba. Sannan a darasinmu akwai inda muka ce idan cutar ta yi nisa majinyaci kan rikice, ya yi ta surutai, har ya nemi gudu, kada a biye masa. Ni na fassara wannan layin da hannuna. Duk rantsuwar da na ƙara, sai ta ƙara tabbata cewa jikin ya yi tsanani. Na laluba aljihu neman katin shaida, na ciro ragowar goro.

Rana ta take sosai kafin in ji tsayuwar mota. Aka zare sakata. Mutum uku suka tsaya a bakin ƙofa cikin fararen kayan kariya tun daga kai har ƙafa, ba a ganin komai sai ido. Na gabansu ya ce in cire takunkumi da hula. Na cire.

Suka zuba mini ido. Can sai ta bayansu ta ce, cikin muryar da na sani sarai, "Mai rediyo?"

Sista Hannatu ce. An kira ta daga sakatariya ta baro taro ta taho. Na tsakiyar kuwa ya ɗaga gilashin fuskarsa a hankali, sai ga Oga. Labari ya kai hedikwata, da yake asibitin na cikin shirinmu ya ce da kansa zai zo.

"Tun ɗazu nake kiran wayarka," in ji shi, "in ce ka zo nan da sauri, tunda kai ka san wurin. Ashe ka riga ni."

Na buɗe baki na ce wani abu game da dabarun tantance aiki. Ban san me na ce ba. Ina tsaye da silifas da jan baki a gaban mutum uku da suka jiƙe da gumi cikin leda saboda ni, jama'ar ƙauye kuma sun yi cirko-cirko daga nesa suna leƙen mai Lassa.

Godiya ta matso ta tsaya a bayan Sista. Ta dube ni ta ce, "To jinin fa?"

"Goro ne."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta cire rigar aikinta ta ninke ta miƙa wa Sista, ta ce, "Mama, zan je in ba yaro nono." Ta bi ta gefena ta wuce.

Takardar tuhuma dai ni na karɓe ta, kuma na cancanta. A amsar da na rubuta na bayyana cewa nas ɗin ta yi duk abin da ya kamata, ban ambaci safa ba. Amma wannan ne ƙaramin abin. Asibitin ya yi makonni ba kowa. Mata suka daina zuwa awo, masu goyo suka ƙi kawo yara rigakafi, don an ce hukuma ce ke ɓoye gaskiya, wa ya taɓa ganin an zo da fararen kaya saboda goro? Sai da Sista Hannatu ta bi coci da masallaci da gidan dagaci tana bayani. Ka yi tunanin dattijuwa a tsaye gaban jama'a tana cewa mutumin da ta kawo da kanta, ta ce a yarda da shi, shi ne ya yi shigar burtu ya zo kama yaranta.

Na koma ba da haƙuri. Na yi zaton faɗa, na ma shirya masa. Sai aka tarbe ni da girmamawar da ban taɓa samu a wurin ba. Aka shigar da ni ofis, aka ba ni kujera mai hannu, aka kawo lemon kwalba a kan faranti. Sista ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ba komai, oga. Ya wuce." Godiya ta leƙo ɗaukar wani abu, hannunta sanye da safa. Na miƙe na fara magana, ta ɗan rusuna ta ce, "Ya jikin, Baba? Allah ya ƙara sauƙi," ta fita.

Don in nuna ba abin da ya canza, na tambayi yadda aiki ke tafiya. Safar hannu tana isa? Tana isa, oga. Dattawa sun daina fushi? Sun daina, oga. Ruwa fa? Akwai. Da zan fita na murɗa famfon bokitin bakin ƙofa don in wanke hannu, ko ɗigo bai fito ba. Nas biyu suna tsaye suna kallona. Na sake zuwa sau da dama bayan haka, kullum kujera da lemo, kullum komai lafiya. Daga baya Oga ya miƙa asibitin ga wata abokiyar aikina, ta fara daga farko. Ta ce mini har yanzu idan baƙon majinyaci ya zo da takunkumi, sai sun ƙare masa kallo tukuna.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mai aiki yana gyara kuskurensa ne a gaban wanda ya yarda ba kama shi ya zo yi ba. Ran da ya gane kamu ne, kuskuren ba ya tafiya ko'ina, wurin ɓuya kawai yake canzawa. Idan kana son sanin ko nas ta karɓi sabuwar hanya, je da fuskarka a buɗe, ka tsaya kusa da ita ranar da aiki ya fi yi mata yawa, ka riƙe mata wani abu. In kuma har zuciya ta raya maka sai ka yi majinyacin bogi, ina roƙonka ka sanar da mai asibiti, sannan ka zaɓi ciwon baya. Ba a kiran mota dominsa.